Daga El Tor Zuwa Katsina: Tarihin Rarrabe Ƙwayar Kwalara

Tsakanin hasumiyar Gobarau da bakin teku akwai tazarar fiye da kilomita 700, amma ƙwayar da ke haddasa kwalara a Katsina 'yar ruwan gishiri ce. Tana cikin dangin bakteriya da masana ke kira Vibrio, masu zama a mashigar koguna, suna maƙale jikin ƙaguwa da jatan lande da kawa. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka rarrabe ta, da abin da kuskuren rarrabewar ya jawo.

Filippo Pacini ne ya fara ganinta a Italiya cikin 1854, Robert Koch kuma ya ware ta a Kalkata cikin 1884. Sai dai shekarar da ta fi shafarmu ita ce 1905. A wannan shekara, a tashar killace alhazai ta El Tor da ke Sina'i, Felix Gotschlich ya sami wata ƙwaya a hanjin mahajjatan da suka rasu ba tare da alamun kwalara ba. Da aka gwada ta, sai aka ga tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, abin da ta Koch ba ta yi. Bisa wannan bambanci aka ware mata jinsi dabam, aka ɗauke ta maras ƙarfi. Har lokacin da ta kashe mutane a tsibirin Sulawesi cikin 1937, ba a yarda a kira cutar kwalara sosai ba.

A ganina hukuncin ya yi gaggawa, domin an fifita halin ƙwaya a ɗakin bincike bisa abin da take yi wa majiyyaci. Dokokin killacewa kuwa suna bin suna ne, wato abin da ba a kira kwalara ba, ba a tare masa hanya. Sai a 1962 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin ma'anar kwalara, shekara guda bayan annoba ta bakwai ta taso daga Sulawesi.

Ta iso Gini cikin 1970, ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarar. A 1973 ta ɓulla a Napoli ta hanyar dangin kawa, har hukuma ta rushe wuraren kiwonsu. A ƙasar Hausa ba ta bukaci kawa ba, rijiya da kududdufi sun wadatar da ita, kamar yadda Jihar Katsina ta gani a damunar 2010 da ta 2021.