Otal ɗin Bagauda: Masaukin da Ruwa Ya Gudu Ya Bari

Tun zamanin fatake an san cewa ran masauki yana hannun abin da yake kawo masa baƙi. Mutanen Zugu, wato garin da Faransawa suke rubutawa Djougou, da na Bariyenu da Paraku a ƙasar Benin, ba sa bukatar a koya musu wannan. Gama ta ƙasarsu ce ayarin Kano yake ratsawa, madugu a gaba, jakuna a baya, ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi da jar fata, za su Gwanja sayen goro. A kowane babban zango akwai fatoma, wanda yake ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya kuma nemo musu masu saye. Amma a 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga. A 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can ya hau jirgi zuwa Arewa. Ba wanda ya sa gatari ya rushe zangunan nan. Hanya ce ta kauce musu, suka shiga mutuwa a tsaye.

Labarin Otal ɗin Tafkin Bagauda na ƙasar Kano irin wannan labari ne. Sai dai shi ba hanya ce ta kauce masa ba, ruwan da aka gina shi dominsa ne ya ɓalle ya bar shi. Ya kamata a san yadda aka gina shi, da yadda ya faɗi, da irin tashin da ya yi, domin garuruwa da yawa suna da irin wannan kango a bayan gari, suna kuwa neman dabarar da za su yi da shi.

Yadda aka kafa shi

Ran 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, Kano ta zama jiha mai zaman kanta. Gwamnanta na fari shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako, wanda ya riƙe ta har zuwa Yuli 1975. Mutum ne da ya sa zuciyarsa ga sha'anin ruwa, gama ya ga manomin Kano yana aiki wata huɗu ko biyar, sauran shekara kuwa ya tafi cin rani. Saboda haka ya shiga datse koguna domin a yi noman rani.

Madatsar Bagauda, a ƙasar Bebeji kudu da birnin Kano, tana cikin na fari da aka gama, wajen 1970. Da ruwanta aka fara gwajin noman rani a Kadawa. Bayanta aka yi babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974, daidai lokacin da fari mai tsanani ya ƙone ƙasashen Sahel, shanu suka mutu, mutane suka bar gidajensu. Sunan Bagauda kuwa ba ƙaramin suna ba ne a Kano, gama littafin tarihin sarakunan Kano ya ce shi ne sarki na fari, ya hau a shekara ta 999.

Da ruwa ya taru ya zama tafki, sai gwamna ya ga wata riba ta biyu. A zamanin nan filin jirgin saman Kano ƙofa ce ta shiga Afirka ta Yamma daga Turai. Baƙi suna zuwa su ga Kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata, da Dutsen Dala, da hawan Salla. Kuɗin man fetur kuma ya fara shigowa, musamman daga 1973. Sai aka gina otal a bakin tafkin, ba dogon bene ba, ƙananan gidaje ne a warwatse cikin fili, ga ɗakin cin abinci, ga zauren taro. Wannan gwamna ne kuma ya yi Gidan Zu na Kano, da Otal ɗin Daula cikin birni, da wani masauki a kan dutse a Tiga.

Bagauda ya yi suna. Wanda ya gaji da ƙura da hayaniyar birni yakan je can ya kwana biyu, ya sha iska mai sanyi daga kan ruwa. Hukumomi suna kai manyan tarurrukansu can, tun da yake ba abin da zai raba hankalin mahalarta. A watan Satumba 1980 masanan ilimi na dukan ƙasa suka yi taro a wurin a kan yawan makarantu da ingancinsu, har yau kuwa malamai suna kiransa Taron Bagauda. Mutanen ƙauyukan kewaye su ma suka sami abin yi. Wani kuku ne, wani mai wanki da guga, wani mai gadi, wani kuma yana kawo kifi ko kaji ko tumatir.

Shekarar ruwa

Tun kafin masifa ta zo, gidan ya fara jin jiki. A 1985 naira ɗaya ta ɗara dalar Amurka ɗaya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta yi ta faɗuwa, har ya zama a 1994 sai an ba da wajen naira 22 kafin a sami dala ɗaya, a farashin gwamnati ma ke nan. Otal irin wannan kuwa kusan kome nasa daga waje ake sayowa, na'urar sanyaya ɗaki, da injin ba da wuta, da famfo, da kayan gyaransu. Ma'aikacin gwamnati da yake iya kai iyalinsa hutu a dā, yanzu abincin gida ya ishe shi tunani. Ga shi kuma kayan gwamnati ne, wanda kowa yake ci, ba mai cewa nasa ne.

Sa'an nan damina ta 1988 ta zo. Bayan farin 1973 da na 1984, mutane sun saba roƙon ruwa, ba su saba gudunsa ba. A watan Agusta na shekarar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya daga ƙasar Hausa har zuwa Sudan, inda ambaliya ta ci unguwannin birnin Hartum. A cikin watan nan ne madatsar Bagauda ta ɓalle.

Mai karatu zai so ya san yadda irin wannan yake faruwa. Madatsar Bagauda ta ƙasa ce, wato tudu ne mai tsawo da aka tara aka daddanne. Irin wannan tudu yana iya riƙe ruwa shekara da shekaru, muddin ruwan yana tsaye a bayansa. Domin haka akan yi masa mafita a gefe, inda rarar ruwa za ta bi ta wuce. Amma in ruwan da yake shigowa ya fi ƙarfin mafitar, ko kuwa ya sami wata kafa yana tsatsafowa ta cikin tudun, sai ya fara zaizayar ƙasa. Ƙaramar kafa ta zama rami, rami ya zama kwazazzabo, daga nan kuwa ba mai iya tsai da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ruwan da aka tara domin ya rayar da gonaki shi ne ya bi ta kansu. Ya kwashe amfanin gona ana dab da kaka, ya rushe gidajen ƙasa, ya tafi da dabbobi, rayukan mutane kuma suka salwanta. A daminar nan dubban mutanen Jihar Kano suka rasa wurin kwana. Tsoro ya kama masu kula da Tiga, wadda ta ninka Bagauda girma sau da yawa, har a 1992 aka rage tsayin mafitar ruwanta da mita uku da rabi, domin kada ta riƙa cika maƙil.

Otal kuwa ya wayi gari yana kallon taɓo. Sunansa Otal ɗin Tafki, ga otal, babu tafki. Daga baya an toshe ɓarakar, ruwa ya sāke taruwa, amma gidan bai koma yadda yake a dā ba. Baƙo in ya sauya masauki, da wuya ya komo.

Yadda kango yake cin kansa

Magina na gargajiya sun san cewa gidan ƙasa yana neman yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a duba indararo, a toshe inda ya tsage. Gidan siminti kuwa yana ruɗin mai shi, gama yakan yi shekaru yana tsaye kamar lafiya lau, alhali ciwo yana ciki. Kwano ɗaya ya ɗaga, ruwa ya jiƙa silin, gara ta shiga katako. Famfon da ba a buɗewa ya yi tsatsa. Jemagu su tare a rufi, cediya ta tsiro a tsagar bango, saiwarta ta buɗa shi. In albashin mai gadi ya yanke, sai ɓarayi su zare wayar wuta, su cire ƙofofi da tagogi. Ambaliya takan yi ɓarnarta ta wuce, amma zaman banza kullum yana ci. Kowace damina da ta wuce, kuɗin gyara yana ƙaruwa, mai niyyar gyara kuwa yana ƙara ja da baya.

Misalai biyu sun isa su nuna ƙarshen gidan da aka bari yana jira. Na fari Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina domin baƙin babban hawan dawaki na bikin FESTAC a 1977. Ba ruwa ne ya ci shi ba, shari'a ce. An yi shekaru ana ja a kotu tsakanin gwamnati da iyalin marigayi Janar Sani Abacha a kan ko na wane ne, gidan yana rufe, ciyawa tana cinsa. A watan Janairu 2020 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka rushe shi.

Na biyu yana can nesa, a tsibirin Kauai na Hawai, cikin ƙasar Amurka. A 1953 aka buɗe wani otal mai suna Coco Palms a cikin kurmin kwakwa, a ƙasar da sarakunan tsibirin suka zauna a dā. Ya shahara ƙwarai bayan da mawaƙin nan Elvis Presley ya yi fim a cikinsa a 1961. Ran 11 ga Satumba 1992 guguwar teku da aka sa wa suna Iniki ta fāɗa wa tsibirin. Sauran manyan otal-otal suka yi gyara suka buɗe, shi kuwa ya tsaya ana gardamar kuɗin inshora. Kamfani bayan kamfani suka zo da alkawarin za su mai da shi daidai yadda yake a dā. A 2014 gobara ta ci wani sashe. 'Yan asalin tsibirin kuma suka tashi suka ce akwai kaburburan kakanninsu a filin. A 2021 aka yi gwanjonsa saboda bashi, har aka cika shekara 30 a 2022 ba baƙon da ya sāke kwana a ciki. Ashe ko a ƙasar masu kuɗi, kuɗi kaɗai ba ya ta da kango.

Tashin Bagauda

Abin da ya ceci Bagauda daga wata hanya dabam ya fito. Tun 1962 aka kafa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya a Ikko, ta fara da ɗalibai 8 a watan Janairu 1963. Duk wanda ya gama karatun shari'a a jami'a, dole ya yi shekara guda a wannan makaranta kafin a yarda ya tsaya gaban alƙali. Da jami'o'i suka yawaita, ɗalibai suka kai dubbai, Ikko ta kāsa ɗaukarsu. A 1997 aka mai da hedkwatar makarantar Bwari kusa da Abuja, bayan haka kuma aka buɗe rassa, ɗaya a ƙasar Inugu, ɗaya a ƙasar Kano. Reshen Kano a tsohon Otal ɗin Bagauda aka sa shi.

In an duba, abin ya dace kamar an auna. Makaranta tana neman ɗakunan kwana, da wurin cin abinci, da zauren taro, da wuri mai shiru nesa da gari. Otal kuwa yana da waɗannan duka, mutane kaɗai ya rasa. Gidajen da Turawa masu yawon buɗe ido suka kwana a ciki suka zama makwancin ɗalibai. Tun da yake makarantar ba ta duba jihar mutum kafin ta tura shi reshe, kowace shekara 'yan Ibo da Yarbawa da Tibi da Barebari da Birom, Kirista da Musulmi, suna haɗuwa a Bagauda, waɗansunsu ba su taɓa taka Arewa ba sai ran nan. Mai sayar da abinci da mai wanki da mai ɗaukar fasinja a babur suka sāke samun ciniki. Idan ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau.

Ba a ce ba a yi hasara ba. Kano ta rasa wurin hutun da Audu Bako ya yi mata tanadi, shi kuwa ya rasu tun 1980, bai ga faɗuwar ba, bai ga tashin ba. Wanda ya san gidan a zamanin ƙawarsa zai ce ɗakin ɗalibi ba ɗakin otal ba ne, gaskiyarsa kuwa. Amma rufin da mutum yake kwana a ƙarƙashinsa, in ya yi yoyo akwai mai yin ƙara. Durbar da aka bari yana jiran hukunci, yau babu shi. Bagauda da ya karɓi aikin da ya samu, yana nan da mutane a ciki.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ruwan kansa. A watan Satumba 1994 madatsar Alau ta cika ta yi ambaliya a Maiduguri. Shekara 30 bayan haka, ran 10 ga Satumba 2024, ta ɓalle, ruwa ya shiga birnin, ya ci kasuwa da asibiti da gidan kurkuku da gidan zu, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Madatsun da aka gina a zamanin Audu Bako yanzu sun ba shekara 50 baya. Duk garin da yake da irin wannan tudu a bisansa, ko da wani tsohon masauki a bayansa, ya tura magina su duba tun da rani. Ba a fafe gora ranar tafiya.