Motar lantarki a ƙasar rairayi: murfin caji da ya maƙale da tayoyin da ke saurin cinyewa

Motar lantarki ba ta zama ruwan dare a Diffa ba, amma tana matsowa ta ɓangaren Najeriya. A Maiduguri, Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas suna saka musu batir. A watan Disamba na 2023 kuma gwamnatin Borno ta ƙaddamar da motocin haya masu aiki da lantarki da iskar gas, ƴan watanni bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayun shekarar. Tun kafin nan, a 2021, hukumar ƙera motoci ta Najeriya, lokacin tana hannun Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Abin da ya shiga kasuwar Borno kuwa ba ya daɗewa bai tsallako Komadugu ba.

Masu irin wannan mota sun fi fargabar babban batir. Amma a aikace, akwai ƙananan abubuwa biyu da su ma kan tsayar da mai mota ko su cinye masa kuɗi: murfin da ke rufe ramin caji, da tayoyi. Duka biyun kuma yanayin jihar Diffa, ƙura da zafi da rairayi, yana ƙara musu wahala.

Yadda murfin yake aiki

Murfin caji ya yi kama da murfin tankin fetur, sai dai a yawancin motoci ba hannu kaɗai ke buɗe shi ba. A bayansa akwai ƙaramin makulli da lantarki ke motsawa, sannan a cikin ramin akwai wani ɗan ƙarfe da ke kama kan wayar caji don kada a zare ta wuta na gudana. Makullai biyu ne ke nan, kuma matsalarsu daban ce. Ko dai murfin ya ƙi buɗewa, mota ba za ta sha caji ba, ko kuma waya ta ƙi fita, mota ba za ta tashi ba, domin an ƙera ta ne ta ƙi motsawa matuƙar wayar na jikinta.

Wurin ramin ya danganta da mota. A Nissan Leaf da Hyundai Kona yana gaba, wajen hanci. A Tesla yana baya ta hagu, a jikin fitila. Wanda ke gaba shi ya fi shan ƙurar hanya.

Abu na farko da ake dubawa shi ne mafi sauƙi: shin motar a buɗe take? Motoci da dama suna kulle murfin da wayar tare da ƙofofi. A danna maɓallin buɗe ƙofa na makulli sau ɗaya ko biyu, a tsayar da cajin daga allon mota, sannan a sake gwadawa. Idan waya ce ta maƙale, a ƙara tura kanta ciki kaɗan kafin a ja, saboda nauyin wayar kan matse ɗan ƙarfen ya kasa komawa.

Idan wannan bai yi ba, a saurara. In an danna maɓalli aka ji ƙarar makullin amma murfin bai ɗago ba, to lantarki na isa, wani abu ne ya toshe. A lokacin hunturu amsar kusan kullum ƙura ce da ta cika mahaɗin murfin da bakin makullin. Bayan damina kuma laka ce da ta bushe, musamman ga motar da ke bin hanyoyin gonakin tattasai na bakin Komadugu. Mutum ɗaya ya danna maɓallin, wani ya danna murfin a hankali da tafin hannu ya saki. Idan ya buɗe, a share da busasshen buroshi ko a hura da iska, mota a kashe kuma ba waya a jiki. Kada a shafa baƙin mai ko giris: suna kama rairayi ne su koma kamar yashin goge ƙarfe. Man fesawa na silikon ya fi, shi ma a kan mahaɗi kaɗai, ba a cikin ramukan da wuta ke bi ba. Sukudireba kuma ba ta da aiki a nan. Murfin roba ne, abin da ke motsa shi ma roba ne, kuma kayan gyaransa ba a tasha ake samunsu ba.

In kuwa ba a ji ƙarar komai ba, sai a koma ga ƙaramin batir. Mutane da yawa ba su san cewa motar lantarki ma tana da batir mai volt 12 irin na kowace mota ba, kuma shi ke ba makullai da allo da kwamfutar mota wuta. Idan ya mutu, babban batir na iya kasancewa cike amma motar ta zama kamar dutse. Lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6 idan mota na hutawa. Wanda ya sauka ƙasa da 12 ya yi rauni. Zafin Afrilu da Mayu a Diffa, da ke haura digiri 40, yana rage wa irin wannan batir kwana. Duk bakaniken da ya san wutar mota zai iya auna shi ya canza. Abin da ba a taɓawa shi ne wayoyi masu launin lemu, waɗanda ke ɗauke da wuta mai kusan volt 400 a yawancin motoci.

Don ranar da komai ya ƙi, masu ƙera mota sun ajiye igiyar gaggawa da ake ja da hannu ta saki wayar. A Tesla Model 3 tana cikin but ta gefen hagu, a Kona tana ƙarƙashin bonet. Ba a janta sai an tabbatar caji ya tsaya. Ya kamata mai mota ya nemo inda take a littafin motarsa tun ranar da ya saye ta, ba da dare a bakin hanya ba.

Wani lokaci ma ba maƙalewa ba ce, kan wayar ne ba na motar ba. Motar da aka ƙera don kasuwar Sin, da ta Turai, da ta Japan, da ta Amurka kowacce na da irin bakin ramin ta, kuma tura wanda bai dace ba da ƙarfi yana lanƙwasa ƙarafan ciki.

Me ya sa taya ke saurin ƙarewa

Nan ne kuɗi ke tafiya. Kamfanin Michelin ya ce tayar motar lantarki na iya cinyewa da saurin da ya kai kashi 20 cikin 100 fiye da ta motar fetur. Dalili biyu ne. Na farko nauyi: batirin Leaf kaɗai ya kai wajen kilo 300, na manyan motoci kuma ya fi haka nesa. Na biyu ƙarfin tashi: injin lantarki yana ba da dukkan ƙarfinsa daga lokacin da aka taka, ba tare da ƙara ba, don haka direba ba ya jin cewa yana kankare taya. Wanda ya saba da tsohuwar Toyota sai ya koyi sassauta ƙafa.

A jikin kowace taya akwai lambar nauyin da za ta iya ɗauka, tana biye da lambobin girma. Lamba 91 na nufin kilo 615, 94 kilo 670, 98 kuma kilo 750. Tayoyin da aka ƙarfafa suna ɗauke da alamar XL, wasu sababbi kuma HL. Taya na iya yin daidai da girman ƙafar mota amma ta kasa nauyinta, kuma wannan shi ne babban haɗarin tayoyin gwanjo da suka cika kasuwanninmu. A duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa tana tsattsagewa a zafi ko da zanenta na nan.

Batun iska yana da wata sarƙaƙiya ta wannan yanki. Direbobin da ke shiga rairayi, ta wajen Mainé-Soroa ko N'Guigmi, sun saba rage iskar taya don kada mota ta kafe. Dabara ce mai kyau, amma da zarar an hau kwaltar hanyar ƙasa mai lamba 1 dole a mayar da iskar. Taya mai ƙarancin iska ƙarƙashin mota mai nauyi, a kan kwalta mai zafi, tana ɗumama daga ciki, gefunanta su cinye, wani lokaci ta fashe. Tana kuma rage nisan da caji zai kai, abin da ba wasa ba ne a tafiyar sama da kilomita 400 zuwa Damagaram. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma sau da yawa ya fi wanda mai faci ya saba bugawa: a Model 3 kusan ba 2.9 ne. Da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi. Rage iska da rana don an ga ta hau kuskure ne.

Yadda taya ta cinye yana faɗin ciwon. Tsakiya kaɗai, iska ta yi yawa. Gefe biyu, iska ta yi kaɗan. Gefe ɗaya, musamman na ciki da ido ba ya gani, ƙafafun mota sun goce, galibi sakamakon ramuka, sai an kai an daidaita su. Tesla na ba da shawarar a riƙa musanya tayoyin gaba da na baya duk kilomita 10,000. Idan zurfin zane ya sauka zuwa milimita 1.6, daidai da ƴan tudun da ke cikin ramukan zanen, taya ta gama aiki.

Wajen mai faci ma akwai abin lura. Babban batir yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin mota, kuma jak da aka kafa ba a wurinsa ba na iya lotsa akwatinsa, ɓarnar da ta fi kuɗin tayoyi huɗu nesa ba kusa ba. Mai mota ya tsaya ya nuna wuraren da aka ware don jak. Wasu tayoyin kuma suna da soso a manne a ciki don rage ƙara, sai an yanke shi a wurin hujin kafin faci ya kama. Da yawa daga cikin waɗannan motoci ba sa zuwa da safaya, kuma ba a jansu da igiya ƙafafu a ƙasa, domin juyawar ƙafa na sa injin ya haifar da wuta ya lalata kayan ciki. A kan babbar mota ake ɗora su. Mai niyyar fita daga garin Diffa da irin wannan mota sai ya sayi safaya da famfon iska nasa tun kafin tafiyar farko.