Karara: dutsen da ake niƙa shi gari

Jama'a, tunda ana ta maganar ma'adinai a ƙasar nan, bari mu leƙa Karara da ke arewacin Italiya, inda ake saro farin mabul ɗin da masu kuɗi ke shimfiɗawa a falo.

Asalin dutsen nan ƙasan teku ne. Kusan shekara miliyan 200 da suka wuce, ɓawon ƙananan halittun ruwa ya yi ta taruwa har ya zama dutsen farar ƙasa. Da ɓangarorin ƙasa suka yi karo, zafi da danniya suka sake gasa shi, ƙwayoyin kalsayit suka haɗe suka zama masu sheƙi kamar sukari. Zanen toka-toka da ake biyan kuɗi a kansa ɗin nan, ɗan datti ne na wasu ma'adinai irin su fayirait da ya maƙale a ciki.

Rumawa ne suka fara sara shi sosai tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da bayi, suna lodi a tashar jirgin ruwa ta Luni. Da shi Mikelanjelo ya sassaƙa mutum-mutuminsa na Dawuda tsakanin 1501 da 1504. A da, a kan katako ake zuro dutsen daga tsauni da igiya, igiya ta tsinke mutane su mutu. A 1894 leburorin suka yi bore, gwamnati ta turo soja.

To ga inda gizo ke saƙa. Da wayar yanka mai lu'ulu'u ta shigo a ƙarshen shekarun 1970, sara ya ninka, ma'aikata suka ragu. Yau mafi yawan abin da ake cirewa ɓaraguzai ne, a niƙa su gari a sayar wa masu yin fenti, takarda da man goge baki. Manyan sassan kuma da yawa ɗanye ake fita da su zuwa Sin da Indiya a yanka a can. Farar laka tana gurɓata koguna. Wasu ramukan ma har yanzu iyalai na riƙe da su bisa wata doka ta 1751, an sha shari'a da hukumar garin.

Mu ma muna da mabul a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta ce na Gwamnatin Tarayya ne. Ni dai duk lasisin da za a bayar, ina so a rubuta a ina za a yanka dutsen, kuma wa zai biya kuɗin gyaran rafi.