Ranar da gwamnati ta shiga kejin faɗa

A watan Maris na 2021 ina gidan kallo a Maraɗi ana maimaita faɗan da Francis Ngannou, ɗan Kamaru, ya kada Stipe Miocic ya zama zakaran masu nauyi na UFC. Kawuna, wanda ya yi kokawa a samartakarsa, ya leƙo ya ga mutum kwance ana bin sa da naushi, sai ya kau da kai ya ce, "Ɗana, ƙasar nan ba ta da hukuma ne?" Tambayarsa ce ta sa na bi tarihin wasan, kuma na gano cewa an yi kusan shekara 30 ana jayayya a kanta.

An yi gasar UFC ta farko ranar 12 ga Nuwamba 1993 a birnin Denver na Amurka. Manufar ita ce a haɗa ɗan dambe da ɗan kokawa da ɗan karate a keji ɗaya a ga wanda zai rage. Babu rabon nauyi, safar hannu ma ba tilas ba ce. An dai hana cizo da ƙwaƙule ido. A faɗan farko aka shuri wani ƙaton ɗan sumo a fuska har haƙorinsa ya fita. Royce Gracie, ɗan Burazil mai ɗan ƙaramin jiki, shi ya lashe gasar da dabarun shaƙewa da murɗe gaɓa.

A 1996 Sanata John McCain ya ga faifan irin wannan faɗa, ya kwatanta shi da haɗa zakaru faɗa, ya rubuta wa gwamnonin jihohi 50 yana neman su hana. Jihohi da dama suka amsa, New York ta kafa dokar hani a 1997, kamfanonin talabijin suka janye. Kasuwar ta faɗi har aka sayar da UFC a kan dala miliyan 2 a farkon 2001.

Abin da ya ceto wasan ya fito daga hukumar wasanni ta jihar New Jersey. Tsakanin 2000 da 2001 ta tsara ƙa'idoji: a raba 'yan wasa gwargwadon nauyi, kowane turmi minti biyar, a sa safar hannu, a hana karo da kai da dukan gaba da dukan ƙeya, likita ya zauna bakin keji, alƙalin wasa kuma yana da ikon tsayar da faɗa. Nevada ta bi sahu. Sababbin masu kamfanin, ɗayansu Lorenzo Fertitta tsohon mamba ne a hukumar wasannin Nevada, suka riƙa bin jiha-jiha suna roƙon a sa musu doka.

New York ta tsaya a kan haninta har 2016, ita ce jiha ta ƙarshe da ta sauka. Dokar 1997 'yan wasan kuɗi ta shafa, ta bar masu yi don sha'awa ba mai lura da su. Shekaru da yawa samari suna faɗa a ƙananan zauruka ba tare da hukuma ta tilasta gwajin jini ko kasancewar likita ba. Hanin ya kori manyan gasa, ya bar marasa galihu cikin haɗari. A shekarar da aka ɗage shi aka sake sayar da UFC a kan kusan dala biliyan 4.

Faransa ma haka ta yi. Ana iya koyon wasan a can, amma ba a yarda a yi gasarsa ba. Ngannou, wanda ya taso yana haƙar yashi a Batié, a Paris ya koyi sana'ar, a ƙasar da gwamnatinta ba ta san da wasansa ba. Sai a Janairun 2020 aka halatta, aka danƙa kulawar ga hukumar damben zamani ta ƙasar, kuma UFC ta yi taronta na farko a Paris a Satumban 2022.

Da na kawo wa Kawu wannan labari, sai ya tuna mini cewa mu ma mun bi ta nan. Kokawa ta ƙauye ce bayan girbi, har 1975 lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tun daga nan aka sami alƙalai da lokacin da aka ƙayyade da fili a manyan garuruwa. Bambancin shi ne, a Nijar gwamnati ta rungumi wasan ne don ya haɗa kan jihohi, a Amurka kuwa sai da ta gwada kashe shi ta kasa.

Duk da haka dokokin keji ba su kai ga aljihun ɗan wasa ba. Dokar da Amurka ta yi a 2000 da sunan Muhammad Ali, wadda ke kare 'yan damben zamani daga kwangilar zalunci, ba ta shafi 'yan MMA ba. A Janairun 2023 Ngannou ya bar UFC yana riƙe da kambinsa, kuma cikin abubuwan da ya nema aka ƙi har da inshorar lafiya ga 'yan wasa.

Ina ganin nan amsar tambayar Kawu take. Hukuma tana nan tun daga awon nauyi har a busa usur na ƙarshe, kuma ta ceci rayuka da hakan. Bayan an tashi daga fili, ɗan wasa shi kaɗai ke jinyar gwiwarsa da kansa. Kawu ya shafa ƙugunsa da ya goce tun wata kokawa da ya yi kafin a haife ni, ya ce wannan kam ko a Maraɗi haka ne.