Ƙwarin Gida a Ƙasar Zuru: Daga Zamanin Toka Zuwa Zamanin Feshi

Kafin kwano da siminti su mamaye Rikoto da sauran unguwannin Zuru, da ƙasa ake gina ɗaki, a yi masa jinka da ciyawa, kuma duk yaron da ya tashi a irin wannan gida ya san ƙwarin da yake kwana da su tun bai iya riƙe fartanya ba. Ya san gara daban zago daban, ya san cinnaka mai cizo, ya san kiyashin da ke bin zaƙi. Ƙasarmu tana kudancin jihar Kebbi, inda damina ta fi ta Argungu da Birnin Kebbi tsawo da nauyi, ga duwatsu ga duhun ciyayi, saboda haka rabonmu na ƙwari ya fi nasu. Wannan ne ya sa sanin ƙwaro ya zama wani ɓangare na iya zaman gida.

Iyayenmu alama suke karantawa. Idan uwar gida ta ga siririn layin ƙasa ya hau bango da safe, ta san gara ce ta gina hanyarta cikin dare, sai ta kankare shi, ta bi shi har inda ya fito. Idan shinge ya tashi bayan ruwan farko, yara suna murnar kamawa, amma maigida yana lura da inda ya ɓullo, domin nan ne suri yake. Wanda ya samu hali yakan nemi azara ta giginya don rufi, saboda gara ba ta cika iya mata ba. Kuɗin cizo kuwa, baƙaƙen ɗigo a gefen tabarma da wani ɗan wari da ba ya ɓuya su ne ke tona masa asiri. Maganinsa a fitar da shimfiɗa da gadon kara a shanya a tsakar rana, a kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, a sake yaɓe tsagar bango. Duk shekara, da rani, ana sabunta yaɓe da daɓe, kuma wannan aikin kaɗai yana rufe maɓoyar ƙwari da yawa.

Inda hikimar ta fi fitowa shi ne wajen rumbu. A wurin Lelna, waɗanda aka fi sani da Dakarkari, hatsi ba abin wasa ba ne. Saurayi yakan shafe shekaru yana noman golmo a gonar surukansa kafin a ba shi mata, kuma bikin Uhola kansa godiya ce bisa abin da aka girbe. Abin da aka sha irin wannan wahala a kansa ba a barin sa ga ƙwaro. Rumbun ƙasa a kan duwatsu ake ɗora shi, don kada danshi da gara su same shi daga ƙasa, kuma a ga duk abin da ke neman hawa. Dawa da zangarniyarta ake zuba ta, bayan ta bushe ƙayau. Wake, wanda ya fi kowane amfani saurin huda, ana cuɗa shi da tokar murhu da aka tankaɗe, a zuba a tukunya, a liƙe bakin da laka. Masana na yau sun bayyana dalilin da ya sa wannan ke aiki: ƙwaron wake tun daga gona yake saka ƙwansa a jikin kwanso, mu kawo shi gida da hannunmu, tsutsarsa ta girma a cikin ƙwayar, ta fito ta bar rami zagayayye, ta sake yin ƙwai, duk cikin kusan wata guda. Toka tana cike sararin da ke tsakanin ƙwayoyin wake, ƙwaron ya kasa yawo balle ya hayayyafa. Kakanninmu ba su faɗe shi da waɗannan kalmomi ba, amma sun ga sakamakon, sun riƙe shi.

Sai dai kada kewar da ta rufe mana ido. Akwai ƙwaro guda da wannan ilimi bai kai gare shi ba, kuma shi ne ya fi kowanne ɓarna. An san sauro da hana barci, ana kore shi da hayaƙin ɗoɗɗoya ko bunsurun fadama, amma ba a haɗa shi da zazzaɓin da ke kwantar da yara a tsakiyar damina ba. Wasu su ɗora wa rana, wasu sabon amfanin gona, wasu iska. Iyaye mata da yawa sun binne 'ya'ya ba tare da sanin abin da ya ɗauke su ba. Sai a 1897 wani likitan sojan Ingila, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar maleriya a cikin sauro a ƙasar Indiya, kuma an daɗe kafin wannan sani ya sauko cikin gidajenmu.

Da ya sauko, da sanda ya zo. Zamanin En'e ya kawo duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, ya ga ko akwai tsutsar sauro a ruwan da aka ajiye, in ya samu a ci tarar maigida. Dattawa har yau suna tuna yadda mata ke rige-rigen wanke randa idan aka ce ga shi nan tafe. An ji tsoronsa fiye da yadda aka fahimci dalilinsa, amma aikinsa ya tsaya a kan tushe mai kyau, wato hana ƙwaro wurin haihuwa. A wannan zamani ne kuma darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, ta shigo Arewa ta Barno wajen 1928, ta bazu har ta zama kamar 'yar gida, ganyenta ya shiga rumbu da akwatin tufafi.

Babban juyi ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1939 Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya gano cewa sinadarin DDT yana kashe ƙwari, aka ba shi kyautar Nobel a 1948, duniya ta ɗauka an gama da sauro. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, ɗaya daga cikin manyan wuraren da aka gwada wannan fata yana cikin jiharmu ta yau. A 1954 aka fara aikin gwaji na yaƙi da maleriya a yammacin lardin Sakkwato, a ƙauyukan kewayen Birnin Kebbi. Ma'aikata suka bi gida-gida suna fesa bangon ɗakuna da DDT da dieldrin da BHC, kowane yanki da nasa. Da farko abin ya yi kyau, sauro ya ragu, kuɗin cizo da ƙuda suka faɗi. Ba a cika shekara biyu ba aka lura cewa a Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, sauron maleriya yana sauka a bangon da aka fesa wa dieldrin ya tashi lafiya lau. A 1956 masu bincike biyu, Elliott da Ramakrishna, suka wallafa wannan labari a mujallar Nature, kuma shi ne karo na farko da aka tabbatar da cewa babban sauron maleriya na Afirka, Anopheles gambiae, ya bijire wa maganin feshi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: feshi yana kashe masu rauni, 'yan kaɗan da jikinsu ke jurewa su tsira, su haifi irinsu, sauro kuwa cikin kwana goma ko makamancin haka yake tashi daga ƙwai zuwa babba. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwadawa a Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, daga 1969 zuwa 1976, da feshi haɗe da rabon magani. Cutar ta ragu sosai, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo.

Wannan darasi ya tsaya a ofisoshin masana, bai iso kasuwa ba. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, gidajen Zuru suka canza kama. Tsofaffin sojoji da ma'aikata, waɗanda ƙasarmu ba ta taɓa rasa su ba, suka gina na bulo da kwano, aka sa silin, aka sayi katifar soso da kujerun kushin da kwabad. An samu sauƙi ta wani gefen, domin siminti ya rage wa gara hanya, ƙuma ma ta ja baya. Amma sabon gida ya buɗe sababbin maɓoya. Kuɗin cizo ya samu ɗinkin katifa da ba a iya zuba wa ruwan zafi yadda ake yi wa gadon kara. Kyankyaso ya samu masai mai murfi da bayan kwabad. Unguwa ta cika, ruwan wanka da wanke-wanke ya rasa inda za shi, kwata ta tsaya cik, aka samu wani sauron daban mai haihuwa a ruwan ƙazanta, mai yawan kuka a kunne, wanda ke nan rani da damina. Shi sauron maleriya ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana, a kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, kuma idan ya sauka a bango yakan ɗaga bayansa sama. Mutum nawa ne cikinmu ke iya bambance su a yau?

Amsar da muka bai wa duk waɗannan guda ɗaya ce: kwalba. Fanfon filit ya ba sheltos wuri, igiyar leko ta shiga kowane ɗaki, sannan Gammalin 20, wanda don gonakin koko na Kudu aka kawo shi, ya sami hanyar shiga rumbu har da rafi wajen kamun kifi. Daga baya fiya-fiya ta zo, ana haɗa ta a bayan fage da sinadarin dichlorvos, ana sayarwa a ƙananan kwalabe marasa takarda. A nan ne, a ganina, muka yi babbar asara. Mun daina tambayar wane ƙwaro ne, daga ina ya fito, me ya kawo shi. Ko me aka gani, a fesa. Shirin yaƙi da rashin ɗa'a da aka ƙaddamar a 1984 ya kawo sharar gari ta ƙarshen wata, amma rana ɗaya a wata ba ta maye gurbin idon da ke duba bango kowace safiya.

Gubar ta biyo mu har cikin tukunya. A 2008, bayan mutane sun kwanta wasu sun mutu sakamakon cin waken da aka adana da maganin ƙwari, hukumar NAFDAC ta haramta jerin magunguna, ciki har da sinadarin da ke cikin Gammalin. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan dichlorvos da aka samu a cikinsa. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwannin gari. Ga kuma ƙwayar da 'yan kasuwa ke kira bam, wadda ke fitar da iska mai kisa, an yi ta ne don rufaffen sito, amma sai ka tarar an jefa ta cikin buhu a ɗakin da yara ke kwana.

Sauyin da ya biyo baya ya koma ga shinge tsakanin mutum da ƙwaro. A Afrilun 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin yaɗa gidan sauro mai magani, kuma daga 2009 aka fara rabonsa kyauta jiha-jiha, Kano na cikin na farko. Ta ɓangaren hatsi, binciken da Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ya fara da abokan aikinsa a arewacin Kamaru ya haifar da buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa sosai daga 2007, ana kuma ƙera shi a Kano. Leda biyu ce mai kauri a cikin buhu na uku, kowace a ɗaure bakinta tam. Ƙwaron da ke ciki ya shanye iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu, ba tare da an zuba komai ba. Duk wanda ya ga kakarsa tana liƙe bakin tukunyar wake da laka zai gane wannan dabara nan take.

Amma aiki bai ƙare ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da maleriya, adadi mafi girma a Najeriya, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin maleriya da Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Sauro ya fara jure wa maganin da ke jikin gidan sauron ma, yadda ya yi a Ambursa, har ana sauya irin wanda ake rabawa. Tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama jami'ar tarayya a 2020, kuma muna da haƙƙin sa rai ɗalibanta su shiga rumbunanmu su auna abin da toka da darbejiya ke iyawa da abin da ba sa iyawa. Kuɗin cizo da kyankyaso kuwa babu wani taron ƙasa da aka yi a kansu, babu mai raba komai kyauta saboda su. A ɗakunan haya na Rikoto da ɗakunan kwanan makarantu, an bar su ga mai fiya-fiya, wanda ke fesawa yau a sake kiransa bayan sati biyu, lokacin da ƙwan da maganin bai taɓa ba ya ƙyanƙyashe a cikin ɗinkin katifa.