Daidaitaccen Tsarin Aiki

Daidaitaccen tsarin aiki shi ne hanyar da ma'aikatan kamfani, masana'anta ko shago suka amince a kanta wajen gudanar da aikin da ake maimaitawa, ta yadda duk wanda ya kama aikin, da safe ko da dare, zai bi matakai iri ɗaya ya sami sakamako iri ɗaya. Galibi akan rubuta shi: wa zai yi, da me zai fara, me zai duba kafin ya miƙa wa na gaba, wa zai kira idan abu ya cije. Ya shafi manyan ayyuka da ƙanana, tun daga ɗaura ƙofar mota a masana'anta har zuwa karɓar kaya a sito, rubuta bashi, ko ƙirga ciniki idan an tashi kasuwa.

Mutane da yawa sun ɗauka sauri ne amfaninsa. Sauri na ciki, amma ba shi ne babba ba. Babban amfanin shi ne yana sa a ga kuskure. Idan ma'aikata biyar suna yin aiki ɗaya ta hanyoyi biyar, kuma kaya suka lalace, ba wanda zai iya nuna inda ɓarakar take, sai dai a yi ta zargin juna. Idan kuwa hanya ɗaya ce, to ɗayan biyu ne: ko wani ya kauce mata, ko ita hanyar ce ke da aibi, kuma kowanne yana da magani. Amfani na biyu, yana fitar da sanin aiki daga kan mutum ɗaya ya zama na kowa.

Asali

Masu sana'ar hannu sun daɗe suna koyar da almajiransu hanya ɗaya ta yin abu. Amma mayar da hakan ilimi mai zaman kansa ya faro ne a Amurka. Injiniya Frederick Winslow Taylor ya riƙa tsayawa da agogo a kan ma'aikatan ƙarfe yana auna kowane motsi nasu, kuma a 1911 ya wallafa littafinsa kan gudanar da aiki a kimiyyance. A ganinsa kowane aiki yana da hanya ɗaya mafi kyau. Injiniya ne zai gano ta, shi kuma lebura ya bi ba tambaya. Ma'aikata ba su so abin ba. A wannan shekarar ta 1911 aka yi yajin aiki a masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown saboda agogon, har majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamitin bincike.

Henry Ford ya kai tunanin wani mataki a 1913, lokacin da ya kafa layin harhaɗa mota mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park. Ƙirar Model T da ke cin fiye da awa 12 kafin a haɗa ta, sai ta koma kimanin awa ɗaya da rabi. Sai dai aikin ya zama mai gundura ƙwarai, ma'aikata suna shigowa suna ficewa, har a Janairun 1914 Ford ya ɗaga lada zuwa dala 5 a rana don ya riƙe su.

A 1924 Walter Shewhart, wanda ke aiki da kamfanin kayan tarho na Western Electric, ya ƙirƙiro jadawalin sa ido kan inganci. Abin da ya nuna shi ne sauye-sauyen da ake gani a sakamakon aiki iri biyu ne: akwai ɗan bambancin da tsarin kansa ke haifarwa kullum, akwai kuma wanda wani dalili na musamman ya jawo, kamar lalacewar inji ko sabon ma'aikaci. Shugaban da ya kasa bambance su zai hukunta ma'aikaci a kan laifin tsari. W. Edwards Deming ya kai wannan koyarwa Japan a 1950, inda ta sami karɓuwa fiye da yadda ta samu a gida.

Salon Toyota

A kamfanin Toyota ne daidaitaccen aiki ya sami siffar da aka fi koyi da ita a yau, musamman a hannun Taiichi Ohno bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A can, takardar aikin kowane ma'aikaci tana ɗauke da abubuwa uku. Na farko, lokacin da ya kamata kowane kaya ya ɗauka, wanda ake samu ta raba lokacin aiki da yawan abin da masu saye ke buƙata: idan ana aikin minti 480 a rana kuma ana son mota 240, to kowace minti 2 mota ɗaya za ta fita. Na biyu, jerin matakan aiki bi da bi. Na uku, mafi ƙarancin kayan da za su kasance a gaban ma'aikaci don kada aiki ya tsaya. Ana manna takardar a wurin aikin, inda mai wucewa zai iya kallonta ya kalli hannun ma'aikaci ya ga ko sun dace.

A sama da layin kuma akwai igiya. Ma'aikacin da ya ga ƙusa ba ta ɗauru ba, ko ya ga ba zai gama cikin lokacinsa ba, sai ya ja ta. Fitila ta kama, ƙararrawa ta kaɗa, shugaban rukuni ya taho da sauri. Idan an warware matsalar kafin motar ta kai iyakar wurin, layi ya ci gaba. Idan ba a warware ba, layi ya tsaya. Wannan igiya ba ta da ma'ana sai da takardar, domin wanda bai san yadda daidai yake ba, ba zai san lokacin jan igiya ba.

Abin da ya raba Toyota da Taylor shi ne wanda ke rubuta takardar. A Toyota ma'aikata da shugaban rukuninsu ke rubutawa, su ke gyarawa. Ba a ɗauke ta dokar har abada ba; ita ce hanya mafi kyau da aka sani zuwa yau, gobe wani ya kawo wadda ta fi, a gwada, a sake rubutu.

Darasin Fremont

Babu inda wannan bambanci ya fito fili kamar garin Fremont na jihar Kalifoniya. Kamfanin General Motors yana da masana'anta a can wadda ta yi ƙaurin suna: motocinta cike da aibi, yajin aiki ba ƙaƙƙautawa, kuma a rana ta yau da kullum kusan kashi 20 cikin 100 na ma'aikata ba sa zuwa. A 1982 aka rufe ta. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwa tsakanin General Motors da Toyota, kuma Toyota ce ke gudanarwa.

Abin lura shi ne mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka ce ba su da gyara, da ƙungiyar ƙwadagonsu da shugabanninta. An tura ɗaruruwansu masana'antar Takaoka a Japan suka koyi aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu. Da suka dawo aka raba su ƙananan rukunoni, aka ba su agogon da a da injiniyoyi ke riƙewa a kansu, aka ce su auna aikinsu, su zaɓi hanya, su rubuta. Aka kuma ba su igiyar. A tsohuwar masana'antar tsayar da layi babban laifi ne, don haka mota mai aibi takan wuce har ƙarshe a tara ta a fili ana jiran gyara. Cikin 'yan shekaru ingancin motocin Fremont ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors, ya kusa kamo na Takaoka, fashin zuwa aiki kuma ya faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100. Masanin gudanarwa Paul Adler, wanda ya yi nazarin wurin, ya nuna cewa tsarin NUMMI ya ma fi na da tsauri da ƙa'ida, amma ma'aikata sun karɓe shi saboda nasu ne.

Gini ɗaya, mutane ɗaya, sakamako dabam. Wannan hujja ce mai ƙarfi a kan masu saurin cewa ma'aikata ne ba su da kirki. Duk da haka General Motors ta sha wuya wajen kai darasin sauran masana'antunta, domin manajoji sun kwafi igiya da alluna, suka bar amanar da ke bayansu. An rufe NUMMI a 2010, kamfanin Tesla ya sayi ginin.

Wajen masana'anta

A 1948 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka sake fasalin gidan abincinsu a San Bernardino: suka rage nau'in abinci, suka ba kowane ma'aikaci aiki ɗaya a jere. Wannan tsari ne ɗan kasuwa Ray Kroc ya yaɗa daga 1955, har ya zama ana iya buɗe reshe a gari mai nisa a sami ɗanɗano ɗaya.

Matuƙa jirgin sama sun rungumi takardar dubawa bayan hatsarin jirgin gwaji na Boeing samfurin 299 a 1935, wanda ya faɗi saboda an manta a kwance makullin da ke riƙe da na'urorin sarrafa shi, alhali ƙwararru ne ke tuƙi. Asibitoci sun biyo baya. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar duba aikin tiyata mai abubuwa 19, ana karanta ta sau uku: kafin a sa wa majinyaci maganin barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. A gwajin da aka yi a asibitoci 8, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Tambayoyin ba masu wuya ba ne: sunan majinyaci, wane gefe za a yanka, an ƙirga auduga da allurai? Ƙwararre ma yana mantuwa, musamman a kan abin da ya yi sau dubu.

A ƙasar Hausa

Yawancin kasuwanci a Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram yana tafiya ne a kan amana da sanayya, kuma wannan jari ne na gaske. Rauninsa shi ne komai yana kan maigida. Shi ya san farashin sari, shi ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, shi ya san dillalin da za a kira idan kaya suka maƙale a hanya. Idan ya tafi aikin Hajji, yaran shago su yi ta buga masa waya. Idan ya rasu, magada su tarar da bashin da ba a rubuta ba da ajiyar da ba a san mai ita ba, kuma shagon da aka yi shekara talatin ana ginawa ya watse tun kafin a gama rabon gado. Wannan asara ce da ake iya kauce wa da abu kaɗan.

A shagon atamfa, misali, tsarin bai wuce shafi ɗaya ba. Idan dila ta iso, mutum biyu ne za su kwance, su ƙirga turmi-turmi, su gwada da takardar kaya, su sa hannu kafin a jera. Ba a fitar da kaya bashi sai an rubuta suna, adadi da ranar biya a littafi ɗaya, ba a bayan kwali ba. Kuɗin da aka tura ta banki ba a sallamar mai saye sai an ga shigarsu a asusun shago, ba a wayar mai saye ba. Da yamma, wanda ya karɓi kuɗi ba shi kaɗai zai ƙirga ba. Wasu iyayen gida suna ganin wannan kamar nuna rashin yarda ne ga yaransu. Akasin haka ne: yaro mai gaskiya shi ya fi kowa cin moriya, domin ranar da turmi biyu suka ɓace akwai takardar da za ta wanke shi. Umarnin rubuta bashi ma ba baƙo ba ne ga Musulmi, yana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara.

Ga masu sarrafa abinci, magani ko ruwan leda a Najeriya, abin ya wuce zaɓi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana neman rubutattun ƙa'idojin aiki, kamar na wanke tankuna, sauya matata da tsabtar ma'aikata, kafin ta ba da lambar rajista.

Inda yake gazawa

Tsarin da aka ɗora wa mutane daga sama yakan koma cika takarda. Lardin Ontario na Kanada ya wajabta wa asibitocinsa takardar duba tiyata, amma binciken da aka wallafa a 2014 a kan asibitoci 101 bai ga wani raguwar mace-mace na a zo a gani ba. Masana da dama sun danganta hakan da cewa ana sa alama a akwatuna ba tare da an tsaya an yi magana da juna ba. Irin wannan suka ake yi wa ma'aunin inganci na ISO 9001, wanda ya fito a 1987: kamfani na iya tara fayil-fayil ya sami takardar shaida, alhali abin da ake yi a wurin aiki dabam ne da abin da ke rubuce.

Haka kuma ba kowane aiki ne ke karɓar daidaitawa ba. Lallashin abokin ciniki da ya fusata, sasanta farashi da babban dila, ƙirƙiro sabon kaya, duk suna buƙatar hankali da basira a nan take, kuma ma'aikacin da aka ɗaure da rubutu a irin wannan wuri sai ya zama abin haushi ga mai saye. Abin da ya dace a rubuta shi ne aikin da ake maimaitawa kuma kuskurensa ke da tsada. Ko shi ma yana tsufa: an sauya inji, an sauya mai kawo kaya, biyan kuɗi ya koma ta waya, amma takardar bango tana nan yadda aka rubuta ta shekarun baya. Shi ya sa kamfanonin da suka ƙware suke sa wa kowace takardar aiki kwanan wata da sunan mai kula da ita, su cire tsohuwar daga bango ranar da sabuwa ta fito, don kada rukunin safe ya bi ɗaya na dare ya bi wata.