Daga Sinadarin Maƙera Zuwa Busasshiyar Amoniya

Kalmar sinadari, wadda yau ake jingina wa kowane haɗin kimiyya, asalinta sunan abu guda ne: wani farin gishiri mai ɗauke da amoniya da Larabawa ke kira nushadir. Mai liƙin ƙarfe kan goga bakin ƙarfensa mai zafi a jikinsa, hayaƙi fari ya tashi, tsatsa ta kau, dalma ta kama. A ƙasar Bauchi, wadda ma'adinan kuzar Jos ke ƙarƙashin lardinta har 1926, ta wannan gishirin amoniya ta fara shiga hannun masu sana'a, don a siffar iska ba ta kamuwa.

Dalili kuwa ƙawancenta da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa na iya shanye ɗaruruwan litocin iskar, shi ya sa sai a 1774 Joseph Priestley ya iya tara ta a Ingila, da ya yi dabarar tare ta a kan zaiba maimakon ruwa. Busar da ita ma sai da wayo, domin abubuwan da aka saba tsane iska da su, irin su asid ɗin salfa, haɗiye ta suke yi gaba ɗaya. Ƙonannen dutsen farar ƙasa ne ke tsotse laima ya bar ta ta wuce, kamar yadda har gobe ake koya wa ɗaliban sakandare. Bayan Fritz Haber ya haɗa ta daga iskar sama a 1909, aka buɗe masana'antar Oppau a Jamus a 1913, sai ta yi arha. A shekarun 1920 Adolf Fry na kamfanin Krupp ya inganta hanyar taurara fatar ƙarfe da ita.

Wani zai ce tunda sinadari da farar ƙasa duk ana samunsu, me zai hana maƙerin da ke kai fartanya kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ya taurara ta da amoniya a gida? Aikin yana son tanda rufaffiya mai zafin kusan digiri 500, a riƙe shi sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwana biyu ko uku, abin da zugazugi da gawayi ba sa iyawa. Ƙarfen ma sai mai gaurayen alminiyam ko kuromiyam. Ga kuma iskar da ke ƙona ido da huhu a ɗaki matsattse. Ita fartanya kuwa, tsoma ta a ruwa tana ja wur ya wadatar da ita, muddin daga sifirin ɗin mota aka ƙera ta.